Kwanon Kaka Salifou

A wace rana ce ladabin Illiassou ya koma laifi? Shi kansa, da za a tsare shi, ba zai iya nuna ranar ba. Abin da aka sani kawai, wata Alhamis cikin watan Maris na 1985, yana tsaye gaban famfo a wani gidan kula da tsofaffi da ke Villeurbanne, gefen Lyon, yana cuɗa farin ƙyalle, ruwan na gangarowa ja-ja. Na uku ke nan a satin.

Ƙyallen na Kaka Salifou ne, tsohon soja ɗan Tasawa da yaƙi ya kawo Faransa, bai koma ba. Da tsufa ya kama shi sai Faransanci ya zube daga kansa, Hausa kaɗai ta rage. A gidan nan mai gado sittin, Illiassou ne kaɗai ke jin abin da yake faɗi. Tsohon kuma ba ya cin abinci sai wani ya sa hannu a kwanon tare da shi. Don haka kullum da rana Illiassou kan ja kujera ya rufe ƙofa, su haɗa kai a kan kwano ɗaya. Tagar ɗakin kuwa tun shigowar sanyi aka kulle ta, kada ɗumi ya fita.

Wata biyu da suka wuce, ranar da ya fara ganin jini, ya kai wa shugabar gidan, Madam Bernadette. Ta daɗe tana kallon ƙyallen.

"Mura ce ta sauka a ƙirji," in ji ta. "Kada ka rubuta a kaye."

Kaye shi ne babban littafin da ake rubuta lafiyar kowane tsoho, likita ya duba ran Alhamis.

"Madam, jini ne fa."

"Na gani, ina da ido. Masu bincike suna tafe. In suka ji an ambaci tarin fuka za su rufe benen nan, a watsa mutum ashirin da biyu. Tsohonka kuma a kai shi asibitin kan dutse. Can wa zai yi masa yarenku? Wa zai ci abinci da shi?"

Ta ja aljihun tebur ta miƙo masa takunkumin takarda. "Sa wannan in za ka shiga, ka yi shiru."

"Madam, a garinmu ba a toshe hanci gaban babba."

"Nan ba garinku ba ne."

Ya karɓa ya cusa a aljihun farar rigarsa, bai taɓa ɗaurawa ba. Shirun kuwa ya yi shi, kuma abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne bai yi shi don tsoron Madam ba. Ya yi shi ne da jin daɗi, don ya bar masa tsohonsa. Da shi ma ya fara tari yana jiƙe riga da gumi, sai ya ce sanyin Lyon ne. Da tsohuwar ɗaki na goma sha biyar ta fara nata, ya ƙara mata bargo.

Yana cikin cuɗa ƙyallen aka ƙwala masa kira, ana nemansa a waya. Ya matse ƙyallen ya jefa aljihu.

Matarsa ce, Rékia, daga Stains, can wajen Paris, inda take zaune gidan yayanta da ɗiyarsu Hawwa. Sau biyu a wata yakan hau jirgin ƙasa ya je ya gan su. Ba ta ko tsaya gaisuwa ba.

"Baban Hawwa, muna asibiti tun jiya."

"Subhanallahi! Mi ya faru?"

"Tarin nan nata. Sun yi mata allura a hannu, wurin ya kumbura. Sun ɗauki hoton ƙirji. Sun ce babban tari ne. Ɗiyar shekara biyu, Baban Hawwa. Likita ya ce yaro ba ya samo shi da kanshi, babba ke kawo mishi. An auna ni, an auna Yaya da matarshi, ba mu da komi. Ya ce in tambaye ka, wa ke tari wurin aikinka?"

Illiassou ya jingina da bango. Ya tuna yadda Hawwa ke hawa ƙirjinsa ta yi barci, hancinta dab da bakinsa.

"Kana ji na? Na ce wa ke tari?"

"Ina ji."

"To ka yi magana mana! Kai da kullum bakinka Kaka, Kaka. Shi ne?"

"Ki yi mata addu'a. Ina zuwa."

Ya ajiye wayar. Ruwan ƙyallen ya riga ya ratsa aljihunsa, yana jin sanyinsa a cinya.

A ofis ya tarar da Dokta Michel, likitan Alhamis, ya buɗe kaye yana sa hannu shafi bayan shafi ba tare da ya cire kwat ɗinsa ba. Minti goma yakan yi. Madam Bernadette na tsaye a kansa. Tana ganin fuskar Illiassou ta girgiza kai a hankali, irin girgizawar roƙo.

Ya tsaya a bakin ƙofa. In ya buɗe baki, yau za a ɗauke tsoho, ya mutu cikin mutanen da ba za su gane ko ruwa yake roƙo ba. In ya rufe, ga ɗaki na goma sha biyar, ga sauran. Ya nemi hanya ta uku, bai samu ba. Ya fiddo ƙyallen ya shimfiɗa a kan buɗaɗɗen shafin. Jan bai gama fita ba.

"Na Kaka Salifou ne, ɗaki goma sha huɗu. Wata biyu ke nan. Ɗiyata tana asibiti a Paris. Ni ma ina tari."

Likitan ya dubi Madam. Ita ta zauna a kujera.

"Wa ya sani?"

"Ni," in ji Illiassou. Madam ta buɗe baki, ta ce, "Da ni."

Daga nan komai ya tafi da sauri. A buɗe tagogi. Kada kowa ya sauka ɗakin cin abinci. Motar asibiti za ta zo ƙarfe biyu ta ɗauki tsoho. A auna kowa da kowa.

"Kai kuma ka cire rigar nan, ka bi ni a ɗauki hoton ƙirjinka."

"Dokta, bai ci abinci ba. Ba ya ci in ba ni. Ka bar ni sau ɗaya."

Likitan ya dubi agogo. "Minti goma sha biyar. Da takunkumi, tun daga nan har ka fito. Ka cire, na fitar da kai."

Illiassou ya ɗauko kwanon daga kicin. Ya laluba ɗaya aljihun, ya zaro takardar da ta yi wata biyu a dunƙule, ya miƙar da ita da yatsu. Ya san ba abin da za ta hana yanzu tsakaninsa da tsohon. Ya ɗaura, ya ja igiyar har ta ci masa kunne.

Kaka Salifou na zaune bakin gado, iskar taga na kaɗa masa gemu. Ya ɗago ya ƙura wa farar fuskar ido.

"Wane ne?"

"Ni ne, Kaka. Illiassou."

"Ƙarya kake. Illiassou ɗan mutunci ne, ba ya toshe mini hanci." Ya sunkuya ya shinshina tasa rigar. "Wari nike?"

"A'a, Kaka."

Tsohon ya dubi kwanon. Sannan, da yake ko baƙo ba a barinsa ya zauna yana kallo, ya turo kwanon tsakiya, ya ce, "To, bismilla."

Illiassou ya ja kujera ya zauna. Ya sa hannu a kwanon, ya dunƙula loma, ya riƙe ta a gaban takardar da ta rufe masa baki, har tsohon ya kai tasa baki.