Injin Yana Cikin Sito

Malam Manniru na durƙushe yana cusa doguwar wayar kwamfuta a ƙarƙashin kafet lokacin da Alhaji Datti, mai makarantar, ya leƙo ɗakin kwamfuta ya ce a hanzarta, motar Darakta ta wuce Nyanya. Manniru bai ɗago ba. Ya ja wayar ta bi gindin bango, ya zura ta cikin wata 'yar huda da kafinta ya yi jiya, ta faɗa cikin sito. Da ya miƙe sai ya ji yana ƙyamar hannuwansa, ya goge su a jikin wando.

Shekara biyu ke nan yana koyar da kwamfuta a wannan makarantar kuɗi ta Jikwoyi. A bakin ƙofa akwai allo mai ɗauke da haruffan AI, kowane harafi ya kai tsayin yaro, don iyaye su hango tun daga titi. A ciki kuwa kwamfuta goma sha biyu ne, biyar ke tashi, intanet kuma tun zangon da ya wuce ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da waɗannan biyar ɗin yake nuna wa 'yan babbar sakandare yadda ake koya wa na'ura gane abu: a tara mata misalai da yawa, a gaya mata wannan kaza ne, wancan kaza ne, har ta fara cankowa da kanta.

Yawancin yaran kwafe abin suke yi a littafi don jarrabawa. Murja ce kaɗai ta ɗauke shi da gaske. Mahaifiyarta, Iyatu, tana sayar da hatsi a kasuwar Wuse, sai yarinyar ta riƙa bin ta ranar Asabar tana ɗaukar hoton wake da wayar uwar. Ta tara hoto sama da ɗari shida, ta ware mai kyau daban, wanda ƙwari suka huda daban. Bayan mako uku na'urar ta fara gane bakwai cikin goma. Sauran ukun kuma Murja ta gano dalilinsu da kanta: duk hoton da ta ɗauka a inuwar rumfa, na'urar cewa take yi waken ya lalace.

Ana nan sai takarda ta zo daga wata hukumar gwamnati, cewa za a zaɓi ɗalibi ɗaya a kowace makaranta a ba shi horon mako shida a dogon hutu, kuma Daraktar hukumar za ta zo da kanta ta ga aikinsa. Manniru bai yi wata-wata ba ya ba da sunan Murja. Alhaji Datti ya zo ya kalli waken a allon kwamfuta, ya yamutsa fuska kamar an ba shi a baki.

"Wake? Darakta guda za ta taso daga Maitama ta zo kallon wake? Malam, ka san me kake yi kuwa?"

Shi inji yake so mai hira, a tambaye shi ya amsa, a ce ɗaliban makarantar ne suka ƙera. Da Manniru ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, ga shi ko intanet babu, sai Alhaji ya ce ai mutum ma yana amsa tambaya. A sa wata kwamfuta a sito, a zaunar da wanda ya fi kowa saurin buga rubutu. A gaba kuma Nazeer zai tsaya a matsayin wanda ya yi aikin. Nazeer ɗan ƙanin Alhaji ne, ba mugun yaro ba ne, amma har yau da yatsa ɗaya yake laluben haruffa. Wanda ya fi kowa saurin buga rubutu kuwa, kowa ya san Murja ce.

Ranar Litinin Manniru ya ce ba zai yi ba. Ranar Talata ya tuna shekara ukun da ya yi bayan hidimar ƙasa yana yawon neman aiki da ambulan ɗin takardunsa daga wannan ma'aikata zuwa waccan, ya ce zai yi tunani. Ranar Laraba da hannunsa ya rubuta 'yar manhajar da ta haɗa kwamfutocin biyu. Har ya ƙara mata ɗigo uku masu ƙyaftawa kafin amsa ta fito, don a ga kamar injin na tunani. Ba wanda ya sa shi wannan, gwanintarsa ce kawai ta motsa. Shi ne abin da ya fi ci masa rai duk lokacin da ya tuna.

Yanzu da ya gama da wayar, sai ya buɗe ƙofar siton. Bangonsa ɗaya da banɗakin maza, kullum a jiƙe yake, zarnin fitsari ya haɗu da warin tsofaffin kayan makaranta da suka yi fumfuna a buhu. Murja na zaune a kan bokitin fenti da aka kife, kwamfuta a cinya, ta ja bakin hijabinta ta rufe hanci. Jiya Alhaji ya kira ta ofis ya yi mata magana ta minti goma. Manniru bai san me aka ce mata ba, bai kuma tambaya ba. Yanzu ma abin da ya iya ce mata shi ne ta riƙa gajarta amsa, kada ta yi tari. Ta ce to. Ya ja ƙofar ya datse kwaɗo kamar yadda Alhaji ya umarta, ya jefa makullin a aljihu.

Hajiya Nabilah, Daraktar, ta shigo da mai hoto da wasu ma'aikata biyu, turarenta ya riga ta isowa. Rabin hankalinta na kan wayarta. Nazeer ya tsaya gefen babban allo cikin sabuwar riga, ya zubo jawabin da aka haddace masa ba tare da ya numfasa ba, gumi na tsattsafo masa a goshi. Daga nan aka shiga tambayoyi, Manniru na bugawa, kowa na kallon allo. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ba da lissafi, ɗigo uku suka ƙyafta, amsa ta fito daidai. Ɗayan ya yi tambaya da Turancin buroka don ya gwada, injin ya mayar masa da irin nasa, ɗaki ya ɗauki dariya. Darakta ta ɗago ta ce a tambaye shi me ya kamata a yi wa 'yan mata don su ci gaba a fannin fasaha. Amsar ta fito a gajarce: "A bar su su zauna a gaban kwamfuta."

Aka tafa. Alhaji Datti sai washe baki yake yi yana dafa kafaɗar Nazeer, kai ka ce shi ya haifi injin. Darakta ta karɓi takarda daga hannun ma'aikacinta, ta tambayi cikakken sunan yaron, ta rubuta. Manniru na kallon bakin biron yana tafiya.

Ya ce a ba shi izinin tambaya ɗaya ta ƙarshe. Kafin Alhaji ya buɗe baki ya riga ya buga: "Wane ne yake amsa mana?"

Ɗigon suka yi ta ƙyaftawa, suka daɗe fiye da kowane lokaci. Fuskar Alhaji ta ɗaure. Manniru ya san sarai abin da yake yi, kuma bai burge kansa ba: gaskiyar da shi, babban mutum mai digiri, ya kasa faɗa kwana huɗu, ita yake so yarinya 'yar shekara goma sha shida ta faɗa a madadinsa. Sai amsa ta fito: "Ni inji ne. Nazeer ne ya ƙera ni."

Tafin wannan karon ya fi na ɗazu ƙarfi. Mai hoto ya jera su, Nazeer a tsakiya, ya ɗauka sau uku.

A baranda Manniru ya cim ma Darakta, Alhaji ya tsaya baya yana tura wa ma'aikatan lemo da nama a leda. Manniru ya rage murya ya gaya mata komai, waya da huda da sito, ya gaya mata akwai yarinyar da ta yi aikin gaske a kan wake, minti biyar ya isa ta gani. Yana magana yana jin aikinsa na zamewa daga hannunsa, amma bai tsaya ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ɗan yi murmushin gajiya.

"Malam, ka ɗauka ban gane ba? Makarantarku ce ta huɗu a wannan makon. A Mpape yaron har atishawa ya yi a bayan labule." Ta duba agogo. "Ni hoto da suna aka ce in kai, na kuma samu. Yarinyar taka ta sake gwadawa baɗi."

Ta shiga mota, direba ya ja, ma'aikatan suka biyo da ledojinsu a guje. Alhaji ya raka su har bakin titi yana ɗaga hannu.

Manniru ya koma ɗakin kwamfuta, ya tarar yara sun watse. Ya ciro makullin ya buɗe kwaɗon siton. Warin ya buge shi. Murja na nan yadda ya bar ta a kan bokiti, hijabinta ya jiƙe da gumi, yatsunta a kan haruffa tana jiran wata tambayar. Ta ƙifta ido saboda hasken da ya shigo, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, na yi daidai?"