Jinin Ƙyalla

Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Sanda maharbi, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba, saboda haka abin da na sani game da karnukansa ba a bakin kasuwa na tsinta ba. Ƙauyenmu yana kan hanyar da ta tashi daga Bukkuyum ta nufi Gummi. Ni Auwalu kabu-kabu nake yi, ina jigilar mutane a babur. Shi kuwa farauta ya gada, amma da daji ya gagari kowa shiga saboda 'yan bindiga, sai ya rataye bakansa ya koma kiwon karnukan tsaro. Sana'ar ta karɓe shi, don a shekarun nan kowane mai gida yana son abin da zai yi haushi tun baƙo bai iso ƙofa ba.

Baba Sanda mutum ne mai daɗin zama, sai dai Allah ya yi shi da cika baki. In ya zauna a bencin mai shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, to zancen guda ne, mun haddace shi har yara na kwaikwayonsa a bayan idonsa.

"Hushin kare ba koyo na ba, jini na," in ji shi. "Karnaina tushensu Azbin, kakana yaz zo da su. Ko cikin auduga ka aje ɗan jinin ga, in ya girma sai ya kai mutum ƙasa."

Uwar karnukan nan duka ita ce Ƙyalla, wata ja mai farin goshi. Ban taɓa ganin dabba mai sanyin hali irinta ba. Kaji kan hau bayanta tana kwance, yaran unguwa su ja mata wutsiya, iyakarta ta yi hamma ta sake gefe. In aka tambayi Baba Sanda yaya uwar masu zafi ta zama haka, amsa na bakinsa: mata ba sa nuna shi, ɗauka suke yi su miƙa wa 'ya'ya. Kuma yana son karyar nan so na gaske. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse neman abinci a Gusau da Anka, da ita yake hira. Furarsa rabi nata ne. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, balle hannu.

Abin da mutanen benci ba su sani ba yana bayan gidansa. Akwai wani tsohon rumbu da aka daina zuba hatsi a ciki. Duk sa'ad da Ƙyalla ta haihu, Baba Sanda kan zaɓi namiji ɗaya, wanda ya fi ture 'yan'uwansa a wajen nono, ya yanke masa kunnuwa da aska, ya jefa shi cikin rumbun ya rufe. Wata biyu ɗan kwikwiyon ba ya ganin rana. Abincinsa ana kwaɓa shi da barkono da dakakken gidan rina. In aka yi sallama a ƙofar gida, ko ya ji muryar da ba ta mai gidan ba, Baba Sanda ya zura sanda ta wata kafa ya zungure shi, har ya koyi cewa baƙuwar murya da ciwo tare suke zuwa. Sauran 'yan'uwan kuwa kyauta yake ba manoman nesa, ya ce su jinin bai kama su ba. Ina jin kukan nan da rana tsaka ina wankin babur, in ƙara wa rediyo murya. Shekara tara ina haka, kuma ba na alfahari da shi.

Ranar wata Laraba da hantsi abin ya fashe. Akwai Sahura, Bafillatana mai tallan nono, matar Junaidu da rugarsu ke yamma da gari. Shekara da shekaru tana shiga gidajenmu, ta san sunan kowane yaro. Ta yi sallama a gidan Halliru mai injin niƙa, wanda ya karɓi wani ƙaton ɗan Ƙyalla mai suna Gatari. Igiyar da aka ɗaure karen da ita ta tsinke. Kafin a kawo ɗauki ya kayar da ita, ya yage mata sha-raɓa, ƙwaryar nono ta tarwatse a zaure. Ni na ɗauke ta zuwa asibiti a Gummi, mijinta na riƙe da ita a bayana, aka yi ɗinki aka fara mata allurar cizon kare. Kafin mu dawo Halliru ya sa an kashe Gatari.

Magaji, mai garinmu, bai ɗauki abin da wasa ba. A irin wannan zamani, ƙaramar magana tsakanin gari da ruga ba ta zama ƙarama, kowa ya sani. Bayan kwana shida, da Sahura ta iya dogara sanda, ya tara mu a ƙofar gidansa bayan la'asar. Liman na gefensa, Junaidu da matarsa na zaune a tabarma.

Halliru ya fara wanke kansa. Ya ce shi bai koya wa kare komai ba, yadda aka ba shi haka ya ɗaure shi, kuma mai karen da bakinsa ya sha faɗa cewa abin a jini yake. Magaji ya juya wajen Baba Sanda.

"Sanda, haka na?"

"Haka na, ranka shi daɗe," in ji shi, har da ɗan gyara zama. Ina jin a ransa yabo ake yi masa.

"To madalla, ka hutasshe mu. Tunda jini na, ba mu da abin kamawa ga Halliru, kai ma ba mu da abin kamawa gare ka, halitta ta. Amma jinin ga ba ya ƙara yaɗuwa garin ga. Gobe da sahe a hidda uwar bayan gari a kashe."

Na ga lokacin da maganar ta isa cikin Baba Sanda. Hannunsa na lalubar tabarma kamar ya yar da wani abu. Magaji ya fara naɗe carbinsa, mutane na shirin tashi.

"Ranka shi daɗe, a dakata." Muryar ta fito siririya, ba irin ta benci ba. "Ba jini na ba. Ni na. Ni ka maishe su haka da hannuna. Kakana bai taɓa zuwa Azbin ba, Ƙyalla kuwa bakin kasuwar Gummi nit tsince ta tana 'yar ƙarama."

Ya faɗi komai, rumbu da barkono da sanda, kansa a sunkuye. Da ya gama sai wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Ba wanda ya yarda. Shekara da shekaru yana dasa zance ɗaya a kunnen mutane, ya kafu, yau kuma yana so ya tuge shi da la'asar ɗaya.

"Don ya hid da karyatai yaka wanga zance," in ji Halliru. "Jiya-jiya jini na, yau da anka ce a kashe ya koma barkono?"

Magaji ma ya girgiza kai. "Sanda, wace za mu ɗauka? Ta shekara da shekaru ko ta yanzu?"

A nan ne na ji kunya ta ishe ni. Na ɗaga hannu na ce ni maƙwabcinsa ne, abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma in ana so a gani da ido, yanzu haka akwai ɗaya a cikin rumbun. Liman ya dube ni ya ce, "Kai kuma kana ji kay yi kurum?"

Muka ɗunguma zuwa gidan. Ƙyalla ta taso tana kaɗa wutsiya, ta wuce kowa ta je ta shinshina zanen Sahura, don ta saba samun ɗan tsala a wajenta. 'Yan kwikwiyo biyu na biye da ita suna faɗuwa suna tashi. Baba Sanda ya hau tsani ya ɗaga murfin rumbu. Warin da ya fito ya sa mutane ja da baya. Ya sa hannu ya zaro na ukun ta ƙeya, ya ajiye a ƙasa. Ciki ɗaya suka fito da waɗancan biyun, rana ɗaya, amma shi ƙashi da fata ne, kunnuwa guntaye, idanu a runtse don hasken ya yi masa yawa. Wani ya yi tari, sai ya maƙale jikin rumbu yana rawa, ya yage baki yana gurnani da 'yan haƙoran da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ba wanda ya sake dariya.

Liman ya yi magana a kan haƙƙin dabba, ba da tsawo ba, amma kowace kalma ta sauka inda ya nufa. Magaji ya yanke cewa Ƙyalla ta tsira, tunda ba ta da laifi. Sai dai daga ranar Sanda ba ya ƙara riƙe kare, ko nasa ko na aro, kuma duk karen da aka gani yana kwana a gidansa za a kashe shi. Ya tambaya wa zai karɓi uwar. Sahura ta taɓa hannun mijinta.

"A ba mu ita," in ji ta. "Ni na san ta. Ba ita tac cije ni ba."

Lafiyayyun 'yan kwikwiyon biyu aka ba manoma, ni kuma na ɗauki na rumbun. Yana nan a gidana har yau, bai ciji kowa ba, amma ba ya yarda a taɓa masa kai, kuma ban sani ba ko zai taɓa yarda.

Washegari Baba Sanda da kansa ya ja Ƙyalla da igiya har ruga, tafiyar sa'a guda. Ya dawo bai tsaya a bencin mai shayi ba. Kwana biyu sai ga ta a ƙofar gidansa da guntuwar igiya a wuya, tana kaɗa wutsiya. Ya ba ta ruwa ya mayar da ita. Bayan kwana huɗu ta sake dawowa, ya sake mayarwa. A ranar ce Magaji ya aiko masa cewa shi ba ya magana biyu, kuma idon mutane na kansa: in ta ƙara kwana uku ba ta zauna inda aka kai ta ba, hukuncin farko zai hau kanta. Junaidu ya ce su makiyaya ne, ba za su iya ɗaure kare kullum ba, dole ta bi shanu da ƙafarta.

Na ce wa Baba Sanda ko in kai ta can wajen Anka a babur, inda ba za ta gane hanya ba. Ya girgiza kai.

"Tana ganewa, Auwalu. Ko Sakkwato ka kai ta tana zakkuwa. Muddin tana ganin nan gida na, ba ta bari."

Da safiyar Asabar ina duba iskar taya na ji ƙarar faratanta a zaurensa. Na leƙa ta katanga. Yana zaune a kan turmi da kofin koko, ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwarsa yadda ta saba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye kofin, ya shiga ɗaki ya fito da sanda. Da ta gan shi sai ta kwanta ta mirgina, a zatonta wasa ne. Na kau da kai, amma kunne ba shi da murfi. Sau uku na ji, kuma kukan da ta yi na mamaki ne fiye da na ciwo. Ta fita da gudu, ta tsaya a bakin hanya tana waiwaye. Ya bi ta da hoge yana jifa, yana daka mata tsawa da wata murya da ban san yana da ita ba, har ta ɓace cikin gonakin gero. Ya dawo ya zauna a kan turmin. Kokon nan kaji suka shanye shi.

Ba ta sake zuwa ba. Sahura ta warke ta ci gaba da talla, tana ɗan ɗingishi. Kullum ta biyo ta ƙofarsa sai ya tambaya ko Ƙyalla na cin abinci, ta ce tana ci, ta yi ƙiba, yaran ruga a jikinta suke barcin rana. Ya ce alhamdu lillahi, ya sayi nonon da ba zai sha ba.

Bayan kaka, wata ranar kasuwar Gummi, ya ce in kai shi ya sayo maganin ciwon gwiwa. Muna cikin tafiya muka iske shanun Junaidu suna ƙetare hanya, dole na tsaya. Ga Ƙyalla can a gefe, kwance a inuwar wata kalgo, gashinta na sheƙi. Na ji ya riƙe rigata.

"Kak ka kashe mashin," in ji shi a hankali.

Ta ɗago kai. Ta dube ni ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, sannan idonta ya sauka kan wanda ke bayana. Wutsiyar ta tsaya. Ta miƙe, ta ja da baya har ta jingina da ƙafar wata saniya, gashin ƙeyarta ya tashi, ta ɗage leɓe tana gurnani ƙasa-ƙasa. Shekara tara na san karyar nan, ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar.

Shanu suka gama wucewa, na ja babur. Sai da muka hango rumfunan kasuwa ya ce, "Ka gani ko, Auwalu? Aikin ga na iya shi. Bai taɓa ƙin kamawa ba."

Ya kifa goshinsa a bayana. Na rage gudu, na bi ta doguwar hanya, don kada mu shiga cikin mutane yana kuka.