Addu'ar Uku a Ƙofar Shagon Mutaru

Ranar Talata da hantsi rediyo ya faɗa: Mikaila Awudu ya rasu. Ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki a Akra, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mutaru mai gyaran rediyo ya ajiye sukurdireba. 

Shekara shida, duk Juma'a, mutanen Zangon Bawku kan cika ƙofar shagonsa su kalli Mikaila a talabijin ɗin da Mutaru yake haɗa wa batirin mota. Mikaila ɗan jarida ne, ɗan Salaga. Yakan sa manya a gaba ya tambaye su ina rijiya, ina titi. In sun kauce, ya sake tambaya, murya ɗaya, har gumi ya keto musu. Mutaru bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Duk da haka ya ce ranar Alhamis za a yi addu'ar uku a ƙofarsa.

Laraba sai ga Iliasu, ciyaman ɗin kwamitin unguwa.

"Mutaru, ɗan'uwanka ne?"

"A'a, Ciyaman."

"To ba addu'a ba ce, taron siyasa ne. Duk wanda ya zo, na rubuta sunansa na aika sama, wurin hukuma. Kai kuma in rufe shagon nan."

Shagon ke ciyar da mutum bakwai. Mutaru ya dubi benci, ya dubi bangon da ya jera wa tsofaffin rediyoyi.

"Bayan La'asar ne," ya ce. "Ka zo da biro mai kyau."

Alhamis Mutaru ya shimfiɗa tabarmi, ya lulluɓe talabijin da farin ƙyalle. Da farko liman ne kawai da dillalan shanu uku. Sai wani direban hanyar Yendi. Sai masu hatsi suka fara ɓullowa, kowa na satar kallon Iliasu, wanda ya tsaya gindin darbejiya da littafi, ga ƙaton kwaɗon rufe shago rataye a yatsarsa.

A Zango ba a yin sadakar addu'a a ɓoye. Duk abin da mutum ya kawo, sanƙira zai ɗaga shi sama ya kira sunan mai shi, liman ya sa albarka. Tsoho Zuberu sanƙira ya matso ya raɗa wa Mutaru: "Yau mu bar kiran suna, ɗana."

"Baba, fara da nawa. Da ƙarfi."

Zuberu ya gyara murya. "Mutaru mai rediyo, ƙwaryar masa, don Mikaila!"

Biro ya motsa.  Mutaru bai sunkuyar da kai ba.

"Ni fa?" in ji direban Yendi. "Sumaila. Ciyaman, in rubuta maka ne?"

Aka fashe da dariya. Daga nan suna ya bi suna, Iliasu na juya shafi.

Can wata tsohuwa ta taso daga cikin mata da ɗaurin goro a ganye. Hajiya Abibata ce, mahaifiyar Iliasu, ita ma 'yar Salaga. Tun yana goye, duk addu'ar da ta je sai ta ba da sadaka da sunansa, kuma ba wanda ya gaya mata yau ta bambanta. Ta miƙa wa Zuberu, ta faɗi suna.

Zuberu ya dubi Mutaru. Mutaru ya ɗaga masa kai.

"Iliasu ɗan Abibata, ciyaman ɗin kwamiti, goro fari, don Mikaila!"

"Allah ya karɓa!" in ji liman. Jama'a suka amsa da amin ɗin da ta fi ta kowa.

"Mma!" in ji Iliasu.

"Me? Kana tsaye kamar baƙo. Cire takalmi ka zauna, ana addu'a."

Mutaru ya matsa, ya bar masa gefen tabarma.

"Ciyaman, ka rubuta na ƙarshen nan? Sama za su so su gani."

Iliasu ya daɗe yana kallon shafin. Ya rufe littafin, ya cusa a aljihu tare da kwaɗon. Ya cire takalmi.

Washegari Juma'a Mutaru ya buɗe shago. Da lokacin shirin ya yi, ya yaye ƙyallen, ya haɗa batir. Wani sabon mutum ne a kujerar Mikaila, yana yi wa baƙonsa murmushi.

"Tambaye shi rijiya," in ji Mutaru, yana kallon talabijin.