Garin da Inna Ba Ta Faɗa

Suna cikin yankan kuɓewa Tarig ya kira daga Norway. Ƙanwarsa Afra ta jingina wayar a jikin kwalbar mai don ya ga kakarsu Inna sosai.

Matarsa Tuva ce ke haɗa wa jaririnsu tarihin dangi. Nata ɓangaren ya cika tuni, don ta bi tsofaffin littattafan coci. A ƙasar su Tuva, in ji Tarig, da can mutum sunan gonar da yake zaune yake ɗauka. In ya koma wata gona, sai sunan ya sauya. Haka Tuva ta bi kakanninta gona bayan gona har ta kai wata mai suna Solbakken.

"Saura namu, tsohuwa," in ji shi. "Daga wane gari surukinki ya taso kafin ya yada zango a Sudan?"

Inna ta ci gaba da yankanta. "Maigida, ka rame. Ba ta ba ka abinci ne?"

"Garin nake tambaya."

"Ka gaishe min da yaron."

Afra ta san inda matsalar take. Uban mijin Inna ya baro ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, sai noma ya riƙe shi a bakin kogin Nilu. Takarda ta ce Ya'ƙub ne, amma tsofaffi da sunan garinsa suke kiransa. Inna kuwa ba ta taɓa kama sunan surukinta ba, Malam kawai take ce masa, don haka garin ma ya haramta a bakinta. Tsofaffin nan duk sun rasu, yaƙi ya watsa sauran dangi. Ita kaɗai ta rage da sanin sunan, a wannan ɗan ɗaki na unguwar Ainu Shams, inda suke gudun hijira. In ta tafi da shi, shi ke nan.

Abin ya tsaya wa Afra a rai. Washegari ta daure ta hau bene wajen Kulu, wata ɗaliba 'yar Najeriya da ke zaune a samansu. Kullum suna haɗuwa a matakala, amma Afra ba ta taɓa wuce sallama ba. Tana kallon ƙasa ta yi mata bayani.

Kulu ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Irin kakata ce sak. Yalla, mu je."

Ta durƙusa ta gaida Inna, aka zuba mata shayi. Ba ta tambayi suna ba. Cewa ta yi, "Inna, wai can garin su Malam me ake ci?"

Nan bakin Inna ya buɗe. Kifi, ta ce. Malam har ya rasu yana raina kifin Nilu. Gabas da Kano ne, ƙasar fadama, da damina sai da kwalekwale.

"Ai yankinmu ne," in ji Kulu. "Bari in gwada ko ina tuna garuruwanmu. Ringim."

Inna ta kurɓi shayi.

"Miga. Guri."

"Wannan yarinya da surutu take."

"Ma'alish, Inna, yi haƙuri. Haɗeja."

"Sun ce kusa ne," in ji Inna, tana gyara zama.

"Auyo."

Inna ta ajiye kofin. Ta jawo gefen mayafinta ta rufe rabin fuska, ta miƙe, wai za ta duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Afra ta ɗauki waya, ta fara aika wa Tarig saƙon murya. Ta faɗi sunan a hankali, sau biyu, don Tuva ta iya rubutawa.

Daga kicin Inna ta ce, "Marasa kunya. Ki gaya masa ya sa Malam a gaban sunan. Ba sa'ansa ba ne."