Rabin da Tela Ya Shafe

Ranar da Tela ya ɗauki diga ya nufi bayan gida, matarsa ta san hutunta ya ƙare. Ta leƙo ta tagar kicin ta gan shi durƙushe a gindin bishiyar lemo, tef ɗin awo rataye a wuyansa, yana zana ƙasa da allin da yake zana yadi.

"Malam, wa za a ɗinka wa riga a nan?"

"Tafki zan yi miki."

"Ni na ce ina son tafki?"

"Ba ki ce ba. Amma za ki so."

Idonsa ne ya fara gajiya da ramin allura, likita ya ce ya rage zama a kan keke. To mutumin da tun yana saurayi ƙafarsa take taka keke, ina zai iya zama haka kawai? Ya taɓa kai ɗinki wani gida, ya ga ɗan tafki a tsakar gidan da ƙananan jajayen kifaye suna yawo a ciki, mai gidan da matarsa na zaune a bakinsa suna shan shayi. Tun daga nan abin ya tsaya masa a rai. Kifin kallo yake so, ba na tukunya ba.

"Kifin da ba a ci ai ɗawainiya ce," in ji ta. "Ciyar da kai da nake yi bai isa ba?"

Ya yi dariya ya ci gaba da haƙa. Shi yana cewa tafki, ita tana cewa rami. Da safe ta kai masa shayi bakin rami, da yamma ta wanke wandon da ya yi jawur da ƙasa tana mita. Ƙaninsa magini ne, shi ya zo ya jera bulo, ya ɗaga ɗan dakali a gefen da ke kallon kicin. Amma da aka zo shafe, Tela ya ce wannan nasa ne.

"Yaya, shafen wurin ruwa rana ɗaya ake yinsa," in ji Magini. "In ka raba shi biyu, ba ya haɗuwa."

"Ni da nake haɗa hannun riga da jikinta, a nemi bakin ɗinki a rasa? Rabi yau, rabi gobe, in haɗa."

"Siminti ba yadi ba ne."

"Kai dai bar min cokalinka ka tafi."

Ya shafe rabi, gefen dakali. Da yamma ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ta ce ai dole, mutum ya wuni yana dama siminti kamar ɗan shekara ashirin. Washegari aka kai shi asibiti. Bai dawo ya yi ɗayan rabin ba.

Bayan masu zaman makoki sun watse, gida ya koma ita da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke fita aiki da sassafe ta dawo da yamma. Keken ɗinki aka lulluɓe shi da tsohon zane. Rigunan da bai gama ba, masu su suka zo suka karɓa suna ba da haƙuri kamar su ne suka yi laifi. Duk abin da hannunsa ya taɓa yana jikin wasu mutane, yana yawo a gari. Abin da ya rage mata shi ne wannan rabin bangon.

Kullum da hantsi sai ta sauka cikin ramin da tsintsiya, ta kwashe ganyen lemo. In ta gama sai ta tsaya. Shafen nasa ba irin na magina ba ne. Ya ja cokali ƙanana-ƙanana, sahu bisa sahu, kamar ɗinkin hannu. A bakin bangon kuma ya bi da babban yatsa ya lanƙwasa, yadda yake kalmasa bakin riga. Akwai wurin da tafinsa ya fito ɓaro-ɓaro, inda ya dafa zai miƙe. Takan ɗora nata tafin a kai. Nasa ya fi nata tsawo da gaɓa guda.

"Mama, a cike ramin nan," in ji Auta wata rana. "Sauro kawai zai tara mana in ruwa ya sauka. Ga ƙafarki, kina hawa kina sauka."

"Ba za a cike ba. Ƙarasa shi za a yi."

"Ke da kika ce ɗawainiya ce?"

"Na ce."

Ta aika aka kira Magini. Da can in ya shigo gidan, tun daga ƙofa yake fara tsokanarta, ya ce matar Yaya me aka ɓoye wa ƙaramin miji, ita kuma ta ce ta ɓoye masa wanke-wanke. Tun rasuwar bai sake ba. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo.

"Zan yi," ya ce. "Amma sai an sassare nasa, a bi duka da sabon shafe a tashi ɗaya."

"Nasa ba za a taɓa ba."

"Matar Yaya, tsoho da sabo ba sa kama juna. Nan inda suka haɗu, ruwa zai samu hanya."

"Kai ba magini ba ne? Ka toshe hanyar."

"Haka shi ma ya ce min. Ku biyun nan Allah ne ya haɗa ku."

Ya yi yadda ta ce. Ya shafe ɗayan rabin sumul, ya cusa siminti a mahaɗar iya ƙarfinsa. Da ya bushe aka ja tiyo daga famfo aka cika. Ranar ta zauna a kujera a ƙofar kicin tana kallon inuwar lemo a kan ruwa har aka kira magariba, ta ce a ranta ashe haka yake gani.

Da safe ruwa ya sauka da kamar taƙi guda. Ta ce rana ce ta sha. Ta ƙara. Washegari ya sauka fiye da haka. Magini ya zo ya toshe mahaɗar, ya sake dawowa ya toshe, ruwa dai bai fasa tafiyarsa ba. Bishiyar lemo ce ta ci riba, ta yi kore shar har ta fitar da fure ba lokacinsa ba.

Ana cikin haka Auta ta shigo wata yamma riƙe da leda cike da ruwa, jajayen kifaye biyar na juyawa a ciki. Ta ga mai sayarwa a hanya, ta tuna irinsu babanta ke faɗa. Ita a zatonta toshewar ƙarshe ta kama, don uwar ba ta gaya mata cewa kullum bayan ta fita sai ta ja tiyo ba.

"Mama, ga baƙinki."

Uwar ta karɓi ledar da hannu biyu. Ƙanana ne, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Ɗaya yana da baƙin tabo a goshi.

"Ba za su shiga yau ba," ta ce.

"Don me?"

"Ramin yana yoyo."

Aka zuba su a babban bahon wanki, aka ajiye a baranda. Tana canza musu ruwa, tana marmasa musu abincin da mai kifi ya haɗo da shi. Su kuwa sai zagaye suke yi, su bugi bango su juyo. Bayan 'yan kwanaki suka fara tasowa sama suna buɗe baki. Wata safiya ta tarar da ɗaya ya juya ciki sama. Ta tsame shi da ludayi, ta rasa inda za ta kai shi, daga ƙarshe ta tona gindin lemo ta rufe.

Magini ya zo da yamma, ya leƙa bahon. Ta kawo masa shayi. Ya sha rabi kafin ya yi magana.

"Ni ma ɗan'uwana ne. Kin ga dai ban taɓa ce miki a cike ba."

"Na sani."

"Amma bango ya yi don ya riƙe ruwa. In kina son bangon, a kwashe ruwan, a mayar wa mai kifi kifinsa, ki riƙa sharewa har ranar da Allah ya yi. Ba wanda zai ga laifinki. In kuma tafkin kike so, to sai kin ba ni bangon."

"Kana magana kamar mai raba gado."

"Ai gara ni. Shi da yana nan da yanzu ya ce a sa masa faci."

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun rasuwar da ta fito ba tare da ta nema ba. Sai kuma ta juya ta shiga kicin.

Washegari bayan Auta ta fita, ba ta ja tiyo ba. Ta bar ruwan ya tsiyaye, ta kwashe sauran da bokiti, ta sauka. Bangon ya yi duhu da danshi, kowane sahun cokali ya fito. Tana bin sa da hannu sai yatsanta ya faɗa wani siririn layi da aka ja ƙasa da dakali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta sha ganinsa tana shara, ba ta taɓa tsayawa a kansa ba. Yanzu ta tuna.

Ranar da ya yi shafen ne, da la'asar. Ya ƙwala mata kira tana tsakiyar girki.

"Zo ki zauna in gwada ki."

"Tukunya na kan wuta."

"Ba za ta gudu ba. Zauna nan."

Ya shimfiɗa buhun siminti a kan dakali, ta zauna ta sauke ƙafafu cikin ramin. Shi yana ƙasa, ya ciro tef daga wuya ya auna daga gwiwarta zuwa idon sawu, yana motsa baki kamar yadda yake yi wa masu kawo ɗinki. Ya ciro almakashi daga aljihu ya ja layi da bakinsa a ɗanyen siminti.

"Nan ruwa zai tsaya. Ƙafar nan taki da ke kumbura da yamma, ki riƙa tsoma ta. Kifi su yi miki gaisuwa."

"Ka gama?"

"Ki ɗan zauna mana. Ki ga yadda zai kasance."

"Rami ne, na gani. Albasata za ta ƙone."

Ta tashi ta tafi. Albasar ma ba ta ƙone ba.

Ta daɗe tsaye a cikin ramin, hannunta a kan layin. Tafin nasa yana can ƙasa, inda ruwa zai rufe. Ta ɗora nata a kai kamar kullum, ta bar shi har sanyin bangon ya ratsa ta. Sannan ta hau ta ɗauki waya ta kira Magini.

"Ka zo da kayan aikinka. Daga layin nan zuwa ƙasa naka ne. Sama kuma ko ƙura kada ka share."

Da ya fara sara, ba ta iya tsayawa ba. Ta shiga ɗaki ta yaye zanen da ke kan keke, ta goge shi, ta ɗiga masa mai, ta sake gogewa. Ƙarar guduma na shigowa ta taga, kowane bugu tana jin sa a haƙarƙari. Ba ta fito ba sai da ta ji ƙarar shebur yana dama yashi. Ya shafe duka a wuni ɗaya, bai ko zauna cin abinci ba.

Sai kuma jira. Magini ya ce sabon siminti yana da kaifi, yakan kashe kifi, dole a cika a bar shi ya kwana biyu a zubar, a sake, har kaifin ya fita. A cikin jiran nan wani kifin ya sake mutuwa. Mai tabon goshi ya daina cin abinci, takan durƙusa a bakin baho tana ce masa ya yi haƙuri, saura kaɗan. Auta ta ji ta wata rana, ta koma da baya.

Ranar da za a zuba su, su ukun suna nan. Tiyo na zuba, ruwa na hawa a hankali. Ya kai layin a kusurwar hagu, ya rufe shi, amma a dama da sauran yatsa uku.

Magini ya riƙe haɓa. "Allah ya jiƙan Yaya. Ko a bango bai iya miƙe layi ba. To wane gefe zan bi?"

"Ba bango ya auna ba," ta ce.

Ta cire takalmi, ta dafa kafaɗar Auta, ta zauna a kan dakali daidai inda ya zaunar da ita. Ta sauke ƙafafu. Ruwa ya taɓa tafin ƙafarta, ya hau, ya hau, har ya kai idon sawu.

"Kashe famfo."

Auta ta karkata bahon a hankali. Kifayen suka tsaya cak wuri ɗaya kamar ba su yarda ba, sannan suka watse. Mai tabon goshi ya nutse ƙasa ya ɓace, can sai ga shi ya ɓullo ta ƙarƙashin inuwar lemo.

"Matar Yaya," in ji Magini yana wanke cokalinsa, "yau kam me aka ɓoye wa ƙaramin miji?"

"Bahon can. A wanke shi."

Suka shiga ciki suka bar ta. Ruwa bai sauka ba ranar, bai sauka washegari ba. Da la'asar takan zo ta zauna, ta tsoma ƙafa, yatsunta na bin kalmasar da ya yi a bakin bango. Dakalin na mutum biyu ne, shi ma ya auna. Takan zauna a gefenta, ba ta matsawa tsakiya. In tukunya na kan wuta, sai Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, girkinki."

"Sauke min," takan ce. "Ina bakin tafki."