Sakamakon Nusaiba

Luba tana tsugune a gaban murhu tana ƙyafe kifi, hayaƙi yana cin idonta, sai ga Bahijja ta faɗo gidan ko sallama babu. Hijabin makarantarta ya karkace, ta riƙo katuna biyu tana kaɗawa.

"Inna, an ba da hutu! Ni ce ta uku a ajinmu!"

"To, madalla. Wannan ɗayan fa na wane ne?"

"Sabuwar malamarmu ce ta ba ni, Malama Rashida. Ta ce in kai wa yayata, wai me ya hana ta zuwa karɓa da kanta."

Luba ta tsaya da kifi a hannu har zafinsa ya ratsa yatsunta. Bahijja ba ta da wata yaya sai Nusaiba, ita kuwa damina biyu ke nan da zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku, tana aji uku a makarantar firamaren nan ta Sabuwar Tunga. Luba ta goge hannu a zane, ta karɓi katin. Shuɗi ne, irin na Bahijja sak, an cike layukansa da jan biro. Ita ba ta yi boko ba, don haka ta mayar wa yarinyar.

"Karanta mini abin da aka rubuta."

Bahijja ta ɗora yatsa a kan layin farko. Leɓenta ya motsa. Ta kira harafi ɗaya, ta kira na biyu, sannan ta tsaya tana sosa ƙeya.

"Ai Malam ne yake karantawa, mu kuma mu maimaita."

"To karanta naki."

Nan ma yatsan bai wuce layin farko ba. Luba ta dubi 'yarta, 'yar aji huɗu, ta uku a aji guda. Ta sauke kifin, ta yafa mayafi, ta cusa katunan biyu a ƙarƙashinsa.

* * *

Ɗahiru mai kemis shi ke karanta wa matan ƙauyen wasiƙu da takardun asibiti. Ya karɓi katin yana fara'a, amma da idonsa ya sauka a kan sunan sai fara'ar ta ɗauke. Ya leƙa waje, dama da hagu.

"Yaya Luba, ina kika samo wannan?"

"Kai dai karanta."

Ya sassauta murya. Nusaiba Ubale, aji biyar. Lissafi saba'in da takwas. Turanci tamanin da ɗaya. Ta zo ta biyu cikin yara sittin da huɗu. A zangon nan kwana biyu kacal ta yi fashi. A ƙasa kuma hedimasta ya rubuta da hannunsa cewa yarinya ce mai natsuwa, a ci gaba da ƙarfafa mata gwiwa a gida.

Luba ta dafa kanta da hannu biyu. Sittin da huɗu? Aji biyar ɗin da ta sani, ɗaki ne da rabin rufinsa ya yaye, awaki ke kwana a ciki.

"Wannan baƙin tabon na ƙasa fa?"

"Gurbin sa hannun uba ne. Na zangon da ya wuce, da wanda ya gabace shi. Dangwala yatsa aka yi."

Ta kusanto da katin fuskarta. A tsakiyar kowane tabo akwai wani farin layi da ya ratsa shi a karkace. Ta san layin nan. Ita ta ɗaure wannan yatsan da tsumma shekara shida da suka wuce, ranar da ƙugiya ta tsarge babban yatsan mijinta Ubale a bakin dam.

Ɗahiru ya miƙo mata katin kamar yana ƙona shi.

"Don Allah, Yaya Luba, ni ban karanta miki komai ba."

* * *

Kwana huɗu ba ta yi wa Ubale maganar ba. Tana zuba masa tuwo, tana kallon yatsan. Abubuwan da ba ta taɓa haɗawa ba suka riƙa haɗa kansu a ranta. Hedimasta Malam Ja'afar sau uku ya zo musu ta'aziyya, shi da bai taɓa taka ƙofar gidansu ba. Ko sadakar arba'in ba a yi ba aka sa Ubale cikin kwamitin iyaye, mutumin da ko a taron suna ba ya buɗe baki. Ta kuma tuna wasu jakunkuna masu tambarin yarinya riƙe da fensir da ta gani a kasuwar Yako an baje ana sayarwa, irin waɗanda aka taɓa cewa za a raba wa 'yan mata a makaranta, Bahijja ta yi ta jira har ta manta.

A rana ta biyar da la'asar, yana zaune a inuwar darbejiya yana ɗinke ragar kamun kifi, ta ajiye katin a kan gwiwarsa.

"Malam, 'yarka ta zo ta biyu."

Ubale ya dubi katin. Hannunsa ya tsaya a cikin raga.

"Wa ya ba ki?"

"Sabuwar malama ba ta san an binne ta ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya kawar da kai wajen rumbu.

"Luba, ba yadda kike zato ba ne. Malam Ja'afar ya tara mu ya ce idan yawan yara ya ragu, musamman mata, za a kwashe malaman a rufe makarantar, a haɗe mu da ta cikin gari. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ga rafi da damina. Za ki bar Bahijja ta tsallaka shi? Iyayenmu ruwan dam ya cinye musu gari, aka jibge su a nan. Makarantar nan kaɗai aka gina mana."

"Ku nawa kuka dangwala?"

"Mu goma sha ɗaya a ranar. Wasu 'ya'yansu sun tafi aikatau Kano, wasu sun koma gona. Ɗan maƙwabcinmu Ilu ma rasuwa ya yi."

"Abincin da ake kawowa da sunanta fa, wa ke ci? Jakarta wa ya rataya?"

"Ban tambaya ba."

"An ba ka wani abu?"

Ya juyo da sauri, idonsa ya kaɗa.

"Wallahi ko sisi! Ni kike zargi da sayar da 'yata?"

Ta yarda bai karɓa ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne duk ƙarshen zango yakan wanke hannu, ya sa rigar Juma'a, ya je ya shaida cewa yarinyar tana nan lafiya, sannan ya dawo ya ci tuwo.

"Wadda ke raye ma ba ta iya karanta sunanta ba," in ji ta. "Me ka tsare mata?"

Ubale ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ɗinkin, amma a rami ɗaya yake ta soka zaren.

* * *

Da aka koma makaranta, Luba ta fara kai soyayyen kifi gindin mangwaron da ke bakin harabar. Ciniki ba wani ciniki ba ne. Idan yara suka yi layin safe, sai ta zaro carbinta ta riƙa jan ƙwaya ɗaya ga kowane kai. Ranar Litinin tamanin da bakwai. Ranar Laraba, ranar kasuwa, hamsin da biyu. Ba ta taɓa zagaye carbin ba.

Malam Ja'afar ya lura da ita. Yakan tsaya a barandar ofis, hannu a baya, ya gaishe ta da fara'ar da ta yi yawa. Ita ma ta amsa da ladabi, kowa yana karantar kowa.

Wata rana a lokacin tara, Malama Rashida ta zo kamar mai sayen kifi. Matashiya ce 'yar Tudun Wada, wata uku da kawo ta. Ta tsuguna tana zaɓe, ba ta ɗago kai ba.

"Inna, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Katunan aka ba ni, na ga sunan uba ɗaya ne."

"Ba laifinki. Su nawa ne a littafinku?"

"Ɗari uku da arba'in. Mata ɗari da tamanin." Ta waiga wajen ofis. "Makin ma ba mu ke bayarwa ba. A ofis ake cikewa. An ce makarantarmu ce ta ɗaya a yankin nan wajen karatun mata, shi ya sa baƙi za su zo daga birni ran Alhamis su gani da idonsu."

"To a ina za a samo yaran?"

Malamar ta ajiye kuɗin kifi, ta tashi ta koma aji.

* * *

Ran Alhamis tun da hantsi harabar ta cika. An share, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an kore awaki daga aji biyar. Luba ta ga yaran da ba ta taɓa gani ba: na ƙauyukan ƙetaren rafi da aka yi ta saukewa a kan babura, da na rugar Fulanin da ke bayan gonakin rake. Kowa sanye da sabon yunifom mai layin ninki, wasu hannun rigar ya rufe musu yatsu. Ubale yana bakin ƙofa cikin 'yan kwamiti da rigarsa ta Juma'a. Da suka haɗa ido, ya sauke nasa.

Farar mota ta iso wajen sha ɗaya. Wata mata mai gilashi ta fito da babban littafi, maza biyu na biye da ita. Yara suka rera waƙar maraba, rabinsu baki kawai suke motsawa. Aka shiga aji-aji ana kiran suna.

Luba ta bar farantin kifinta, ta je ta tsaya jikin tagar aji biyar. Malam Ja'afar ne ke kira, baƙuwar tana bi da biro.

"Nusaiba Ubale!"

"Ga ni," in ji wata siririyar murya daga benci na uku.

Luba ta leƙa ta tagar. Yarinyar doguwa ce, fara, da kitson Fulani ya leƙo ta gefen hijabi. Ta ɗaga hannu sama sosai, kamar wadda ta daɗe tana jiran a kira ta.

Da baƙin suka fito, Luba ta sha gabansu. Malam Ja'afar ya riga ta magana.

"Hajiya, wannan matar ɗan kwamitinmu ce. 'Ya'yanta mata biyu duk suna nan, duk masu ƙoƙari."

"Kai, madalla," in ji baƙuwar. "Irinku muke nema, Mama."

Nusaiba ce 'yar farin Luba. Saboda kunyar ɗan fari, tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunan da bakinta ba, ko a ranar da aka fita da gawar. Yau ta kira shi a gaban maza.

"Hajiya, Nusaiba Ubale ni na haife ta. Tana maƙabartar bayan masallaci, damina biyu ke nan."

Malam Ja'afar ya matso kusa da baƙuwar, ya yi wata magana da Turanci ƙasa-ƙasa, yana taɓa gefen kansa da yatsa. Ɗaya daga cikin mazan ya girgiza kai cikin tausayi. Luba ta juya ta nemi idon mijinta. Ubale yana kallon takalminsa.

Baƙuwar ta cire gilashi, ta dubi Luba tsawon lokaci. Ta dubi sababbin rigunan da ke cike da harabar. A fuskarta babu mamaki ko kaɗan, sai gajiya. Ta buɗe littafin, biron ya tsaya a saman shafin. Direba ya danna ham, ɗaya mutumin ya ce saura makarantu huɗu kafin la'asar.

"Allah ya jiƙanta," in ji ta a hankali. Ta rufe littafin.

Motar ba ta gama ɓacewa ba aka fito da buhu. Yaran aro suka yi layi a bayan ofis suna tuɓe yunifom, ana ba kowa biskit ɗaya. Luba ta koma gindin mangwaro ta zauna, ƙudaje sun baibaye kifin.

Can sai ga yarinyar benci na uku ta zo wucewa cikin tsohon zanenta, ba takalmi. Luba ta yafito ta, ta zaɓi kifi mafi girma ta ba ta.

"Yaya sunanki?"

Yarinyar ta waiga hanyar da motar ta bi.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

"To Daso." Ta yi murmushi, ta buɗe ɗaya hannun. Guntun alli ne a ciki, gumi ya jiƙa shi. "Na tambayi Malam ko gobe ma in zo. Ya ce aji ya cika."

Ta dunƙule hannun, ta kama siririyar hanyar da ta ratsa cikin rake. Luba ta bi ta da kallo. A duk kututturen da ta wuce, sai yarinyar ta tsaya ta ja masa farin layi ɗaya, ta matsa baya ta duba, sannan ta ci gaba.