Haƙoran Malamin Turanci

Shekara talatin malam ya yi yana nanata wa ɗalibai cewa "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, "f" kuwa sai haƙoran sama sun hau leɓen ƙasa. Da tsufa ya kwashe masa haƙoran gaba, "f" ta bi su, har ya daina Turanci a gaban mutane.

Ranar da likitar haƙori ta dasa masa sababbi, sai ta ce, "Baba, ce fifty."

Kalmar ta fito tsaf. Idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wa ya koya miki wannan gwajin?"

Ta sauke takunkumin fuskarta tana dariya. "Kai mana, Malam. Ni ce Pipti, ɗalibarka ta bencin baya da ta kasa cewa fifty."